Kunnen Hagu na Kaiso Nautiyus

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina tsaye a bayan kafaɗar maigidana, Kaiso Nautiyus, ina raɗa masa sunayen mutane. Aikina ke nan. Wani bawan yana yanka masa nama, wani yana naɗa masa mayafi, ni kuwa Zosimus a gidan aka haife ni, aka lura tun ina ƙarami ba na manta fuska, sai aka ce to, wannan shi zai riƙe wa maigida mutanen Roma a kai. Kuma na riƙe. Ba yabon kai ba, in ka taɓa zuwa gaisuwar safe gidanmu sau ɗaya, ko bayan shekara goma ka dawo da sanƙo da tumbi, kafin ka iso gaban kujerarsa na raɗa masa sunanka da na ubanka da cutar da ta kashe matarka. Shi kuma ya ware hannu ya ce, "A'a! Wa nake gani haka?" Ka koma gida kana washe baki, wai sanata ya san da zamanka. A hagu nake tsayawa kullum, don kunnensa na dama ya mutu tun a wajen yaƙi, ranar da wani ya sauke masa kulki a kan hular ƙarfe.

Gidanmu ba gidan jiya ba ne. Fuskokin kakanninsa na kakin zuma goma sha tara ne a jere a zaure, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Shi kansa ya shugabanci majalisar dattawa shekara guda, ya ja rundunoni, kuma akwai wani jawabi da ya taɓa yi a kan wani hafsa da ya gudu ya bar tutar runduna a hannun abokan gaba, wanda har yau malamai ke sa yara su haddace.

Abin ya fara ne kamar wasa. Wata safiya ya kira kuku da sunan ƙanensa da ya mutu tun suna samari. Muka yi dariya. Bayan wata biyu ya tsoma burodinsa a ruwan inabi ya cinye, ya ci zaitun, ya wanke hannu, sannan ya daka tsawa wai me ya sa ba a kawo masa karin kumallo ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Cikin shekara shida mantuwa ta cinye shi kamar yadda gara ke cin azara, daga waje lafiya lau, ciki kuwa rairayi. Tsoffin abubuwa suna nan daram. Zai karanto maka jawabin da ya yi shekara talatin baya, bai tsallake kalma ba. Amma abin da ka gaya masa da safe, kafin rana ta take ya zube.

Mutum uku muka sani: ni, da uwargida Ebutiya matarsa, da tsohon da ke naɗa masa mayafi. Muka rufe. Da an ji, da an goge sunansa daga jerin sanatoci, an naɗa masa mai kula da shi kamar yaro, 'yan wasan kwaikwayo sun samu abin yi. Ni ma, gaskiya ɗaya ce, abin yana yi mini daɗi. Dā sunaye kawai nake raɗawa, yanzu har da abin da zai ce. "Ka tambaye shi ƙafarsa." "Ka ce za ka duba maganar." Roma tana sauraron bakin Kaiso Nautiyus, ba ta san bawa ne ke magana ba. Majalisa ce kaɗai ba na shiga, don bawa iyakarsa bakin ƙofa. To can kuma ya daina magana, sai ya zauna ya haɗe gira, in an zo raba ra'ayi ya bi bayan tsoffin abokansa. Mutane suka ce, ka ga dattako, shirunsa ma magana ce.

'Ya'ya biyu maza ya haifa. Da ƙaramin, Tullus, ya kai sha bakwai, sai ya ba da shi ga amininsa Karbiliyus wanda bai da magaji, kamar yadda manyan gidaje ke yi. Yaro ya bar sunanmu ya ɗauki nasu, ya zama Dekimus Karbiliyus. Ba a shekara biyar ba zazzaɓi ya kashe babban a Siriya. Aka wayi gari gida mai fuskoki goma sha tara ba magaji, ɗan da ya rage yana amsa sunan wasu. Amma a gidanmu Tullus ne. Ni na goya shi a wuya na kai shi kallon tseren dawakai, ya yi mini fitsari a ƙeya. Uban bai taɓa kiransa da sabon sunan ba, ni ma ban taɓa raɗa masa shi ba. Wa ke raɗa wa uba sunan ɗansa?

Tullus ya yi shekara tara a bakin iyakar arewa yana jan sojoji. Ba mu rubuta masa halin da uban ke ciki ba, don wasiƙa kan bi ta hannu da yawa kafin ta isa. A hunturun ƙarshe abokan gaba suka kewaye shi a wata ganuwa da mutum ɗari shida. Suka cinye alfadarai, suka dafa fatar garkuwa, taimako bai zo ba. Sai ya yi sulhu, ya miƙa makamai da tutar runduna, ya fito da mutum ɗari shida da ransu. Iyayen waɗannan ɗari shidan suna sa masa albarka a lunguna, amma a dandali masu neman suna suka ce ya zubar da mutuncin Roma. Kaisar, sarkin Roma, ya miƙa wa majalisa shari'ar, ya tafi gidansa na bakin teku shan iska. Kowa ya san ɗaya cikin biyu ne: ko a kore shi zuwa wani tsibiri ya ƙare rayuwarsa can, ko igiya a kurkuku.

Ana gobe yanke hukunci uwargida ta kira ni lambu. Tana zaune da ulu a cinya, ba ta kaɗi.

"Zosimus, gobe maigida ba zai fita ba. Za a ce ƙafarsa ta tashi."

"Haba uwargida! Kwana biyu ana shari'a bai je ba, an ce ƙafa. Ranar hukunci ma ƙafa? Sai a ce ko uban da ya haife shi ya juya masa baya. Wa zai tsaya masa?"

"In ya je me zai yi? Jiya ya tambaye ni ko ni 'yar wace ce."

"Shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka taɓa shugabanci, shi za a fara tambaya. Kalma goma kawai zai faɗa. In Kaiso Nautiyus ya miƙe da furfurarsa ya ce tsibiri, wane ne zai iya kallon idonsa ya ce igiya?"

Ta ce, "Ba ka shiga ciki fa."

"Shekara shida ina fitar da shi ina dawo da shi, ko sau ɗaya kin ji an yi abin kunya? Ki bar mini shi."

Haka na ce. Ki bar mini shi. Da bakin nan nawa na faɗa, ina murmushi kuwa.

Da gari ya waye na fara masa bita. Ana naɗa masa mayafi ina yi, ana ɗaura masa takalminsa mai jinjirin watan hauren giwa ina yi.

"Ranka ya daɗe, yau Tullus ake wa shari'a."

"Tullus? Me ja'irin ya yi kuma? Ya gudu daga wajen malami?"

"Ya girma, ranka ya daɗe. Shi ne za su kira Dekimus Karbiliyus. In an tambaye ka sai ka ce, iyayen ƙasa, ra'ayina a kore shi zuwa tsibiri. Sai ka zauna."

Fuskarsa ta canza, hankalinsa ya dawo tar kamar yadda yakan yi wani lokaci. Ya damƙi hannuna. "Ɗana za su kashe?"

"Ba za su kashe shi ba in ka faɗi haka."

Ya maimaita. A kan kujerar da bayi takwas ke ɗaukarsa da ita ya maimaita, ina gefe ina gudu-gudu ina haki, ya fi sau talatin, har da hawaye. Na kuma rubuta masa a ɗan allon kakin zuma na cusa a naɗin mayafinsa. Da muka isa ya hau matakala da ƙafarsa, a miƙe kamar mashi, ya shiga. Na tsaya inda bayi ke tsayawa. Ƙofofin a buɗe suke kamar kullum, ana ganin komai.

Malkiyo, mai raɗa wa wani sanata maƙwabcinmu sunaye, ya matso ya zungure ni. Mun shekara ashirin muna tsayuwar ƙofar nan tare muna zagin juna.

"Tsohon kwarto, yau an fito da gunkin naku? Na ɗauka kun ajiye shi a zaure tare da na kakin."

"Rufe mana baki, kai da ka taɓa raɗa wa ubangidanka sunan mamaci ya gaishe shi da iyali."

"Sau ɗaya ne!" Ya yi dariya, sai ya sassauta murya. "Ka ga yaronku kuwa? Ga shi can."

Na duba inda ya nuna, na ce ina? Ni, Zosimus, sai da na duba sau biyu. Wanda ake tuhuma ba ya aski, ba ya wanka, tsumma mai dauɗa yake sawa don a ji tausayinsa, haka al'ada take. Wata uku yana tsare a gidan wani alƙali. Gemu ya cinye masa fuska, rabinsa fari, kumatu sun zurma, sanyin arewa ya ci masa kan hanci. Tullus ɗin da ke cikin kan uban kuwa yaro ne mai santsin fuska. Aka tsayar da shi ta hannun daman maigidana. Wajen mataccen kunnen ke nan, amma na ce wa kaina ba komai, yanzun nan za a tambayi maigida ra'ayinsa.

Ba a tambaye shi yanzun nan ba. Mai ƙara ya nemi ya rufe jawabinsa, aka ba shi dama. Kai, mutumin nan ya yi surutu! Aka cika tulun ruwan da ake auna lokacin jawabi da shi ya tsiyaye, aka sake cikawa, aka sake. Tuta, tuta, tuta. Tutar da kakanninmu suka mutu a ƙarƙashinta, tutar da yanzu ke rataye a bukkar wani mai shafa man shanu a ka. Rana ta take, ta karkata. Ina kallon maigidana, ina ganin abin da na zuba masa da safe yana yoyo. Da farko yana motsa leɓe. Can ya daina. Can na ga ya sa hannu a mayafi ya ciro allon, ya dube shi, ya yamutsa fuska. A rayuwarsa bai taɓa karanta jawabi daga allo ba, yana cewa aikin 'yan koyo ne. Ya ɗauka wani ne ya yar. Ya sunkuya ya ajiye shi a ƙarƙashin benci, ya juya kunnensa mai ji wajen mai ƙara, yana gyaɗa kai.

"Faɗi ra'ayinka, Kaiso Nautiyus," in ji shugaban majalisa.

Ya miƙe. Wuri ya yi tsit. Ya dubi na kusa da shi ya tambaya, da ƙarfi irin na kurame, "Wa ake tuhuma?"

Mutumin ya yi turus. "Dekimus Karbiliyus."

"Ban san shi ba," in ji maigidana.

Wani gunaguni ya ratsa majalisar. Su a ganinsu ya sallama ɗansa ne a bainar jama'a. Ya gyara mayafinsa a hannun hagu, ya ɗaga na dama, na gane tsayuwar nan tun kafin ya buɗe baki. Jawabin tuta ne. Wancan na shekara talatin, wanda yara ke haddacewa. Muryarsa ta dawo kamar ta ɗan arba'in, har bayin da ke ƙasan matakala suna ji. Kalma bayan kalma, ni ma na haddace shi, leɓena suna binsa ba da sona ba. Kuma na san abin da ke tafe a tsakiya. Lokacin da ya fara yin jawabin nan, Tullus yana rarrafe, maganar ado ce kawai ta masu iya baki.

"Iyayen ƙasa," ya ce, "ko da ɗana ne na cikina ya bar tuta ya dawo da ransa, da hannuna zan miƙa wa hauni igiya."

Na ga bakin Tullus ya motsa a cikin gemun nan. "Baba," ya ce, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ta kunnen dama ya faɗa.

Taku ashirin ne tsakanina da kunnen hagun. Na ƙirga su daga baya, sau ba adadi. Da na ruga na faɗi kalma ɗaya, Tullus, da ya farka, na san da ya farka, na sha ganin yadda sunan ke dawo da shi. Ko kuma in tsaya daga ƙofa in kwarma ihu cewa tsohon nan ba ya cikin hayyacinsa shekara shida ke nan. Da an gicciye ni, bawa ya keta majalisa. Da an yi wa gidanmu dariya har jikoki. Amma da wuya su kashe mutum a kan maganar wanda bai san abin da ya ci da safe ba. Na ɗaga ƙafa, ta tsaya a kan dokin ƙofa. Na so in ce Malkiyo ne ya riƙe ni. Ƙarya ne. Ba wanda ya riƙe ni. Tsoro ne, da kuma wata murya a cikina da ke cewa bari, zai tuna, ai kai ka koya masa, aikinka bai taɓa ɓaci ba. Ina tsaye da ƙafa a sama har ya zauna.

Ba a tsaya jin sauran ba sosai. Wa zai nemi sassauci bayan uba ya ce igiya? Shugaba ya ce masu wannan ra'ayi su koma nan, masu wani su koma can. A majalisa da ƙafa ake zaɓe, kowa ya tashi ya tafi gefen wanda ya goyi baya. Har yau ina jin ƙarar takalman nan a kan dutse, tsofaffi ɗari uku suna jan ƙafa zuwa wajen maigidana. Wasu suna kuka. Mutum bakwai suka rage a ɗaya gefen, suka dubi juna, huɗu suka tashi suka bi sahu. Shi kuwa yana zaune a tsakiyarsu yana amsa gaisuwa da kai, ba wanda ya kira da suna.

Kafin rana ta faɗi an gama. Don girmama uban ba a jefa gawar a matakalar kurkuku kamar yadda aka saba ba, aka ba mutanen Karbiliyus ita a lulluɓe. Mai gadin kurkukun ya same ni a bakin gida, don Tullus ya ce a nemi Zosimus.

"Ya ce ka gaya wa tsohon wai ya ji jawabinsa, kuma bai ba shi kunya ba, da ƙafarsa ya sauka ramin kurkuku. Ya ce ka ce masa ɗari shidan dai suna da rai, ko zai rage fushi."

Ya mutu yana zaton ubansa ya dube shi ya gane shi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, ya fi igiyar.

Uwargida ba ta yi kururuwa ba. An hana makoki ga wanda majalisa ta kashe, ba baƙin kaya, ba sakin gashi. Na same ta a lambu inda na bar ta jiya, da ulun nan a cinya. Na zube a ƙasa. Ta bar ni a nan har gwiwoyina suka mutu.

"Ba zan sa a dake ka ba," ta ce. "Duka sauƙi ne. Aikinka faɗin suna, ko ba haka ba? To zai tambaya. Ran da ya tambaya, ka faɗa masa. In ya manta ya sake tambaya, ka sake faɗa masa. Na bar maka shi."

Washegari zaurenmu bai taɓa cika irin haka ba. Tun daga ƙofa har kan titi, sanatoci, attajirai, mawaƙa, har da waɗanda suka shekara goma ba su leƙo ba. Wani ya ce irin mazan dā ba su ƙare ba. Wani ya ce an fara maganar kafa masa gunkin tagulla a dandali. Wani ya kawo 'ya'yansa biyu su ga mutumin da ya fifita Roma a kan jininsa. Ina tsaye a hagu ina raɗa sunaye, bakina yana aikinsa shi kaɗai. Maigidana yana ta fara'a a ƙarƙashin fuskokin kakanninsa, ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba. Uwargida tana bayan labulen ƙofar ciki da farin kaya, ina ganin yatsun ƙafarta.

Da aka ɗan sarara sai ya karkato da kai wajena.

"Zosimus, me na yi ne suke ta yabona?"

"Jawabi ka yi a majalisa, ranka ya daɗe."

"Af, to. Ya yi kyau?"

"Ba wanda zai manta da shi."

Ya yi murmushi. Can murmushin ya ɗauke, ya shafa goshi. "Akwai wani mai gemu, cikin tsumma. Yana ta kallona. Ko a mafarki ne? Idanun nan kamar na san su, tun ɗazu suke damuna. Kai da ka san kowa, wane ne shi?"

Labule ya motsa. Na buɗe baki. Sunan yana kan harshena, sunan da na fi kowane suna sani a Roma, na ji nauyinsa a wuyana kamar ranar tseren dawakai. Na dubi tsohon, ya miƙo mini kunnen hagu yana jira, yadda ya saba jira shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa shakkar abin da zai fito ba.

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da buga cinya. "Kai? Ba ka san shi ba? Tirƙashi! Tsufa ya kama ka, Zosimus, ka fara mantuwa." Ya ja kunnena kamar yadda yake yi muna samari. "Ba komai, ba zan gaya wa kowa ba. Maza aika a kira mini Tullus, ya zo ya ji abin da ake faɗa a kan ubansa."